Yadda busasshen kifi ya kawo iyaka Maigatari

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa sunan kasuwar ne kawai na Jihar Jigawa, amma cinikinta na ƙasashe biyu ne. Tun daren Laraba raƙuma da shanu da tumaki ke kwararowa daga Dungas da Magarya da Damagaram, dillalai na jiransu a kara, manyan motoci kuma na layi domin kwasar dabbobi zuwa Kano da Legas da Fatakwal. Mai canji na zaune da naira da sefa a gabansa, kuma babu mai neman tafinta, domin kuwa mai saye da mai sayarwa harshe ɗaya suke yi, sau da yawa ma kakansu ɗaya. Amma duk da haka, sau biyu cikin shekaru biyar aka wayi gari an datse hanya. Na farko shi ne a watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa da sunan yaƙi da fasa-ƙwauri, ba a buɗe ta Maigatari ba sai a watan Disamban 2020. Na biyu kuma shi ne bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, inda ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, hanya ta ci gaba da zama a rufe har zuwa watan Maris na 2024. A duka lokutan biyu, babu wanda ya tambayi ɗan dako ko mai tuwo-tuwo ko dillalin awaki ra'ayinsa, alhali kuwa a tukunyarsu aka fara ganin abin.

Idan ka tambayi ɗan makaranta a Gumel ko Gagarawa wa ya shata wannan iyaka, zai ce maka Turawa ne a taron Balin na 1884 zuwa 1885. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai taron Balin bai ja layi ko ɗaya a wannan yanki ba. Tambayar da ta fi dacewa ita ce: me ya sa layin ya sauka a bayan garin Maigatari, maimakon ya tsaya can arewa inda aka fara ajiye shi? Domin samun amsa, sai mai karatu ya yi haƙuri mu yi doguwar tafiya, mu bar ƙasar rairayi da dakwara mu je wani tsibiri mai hazo da sanyi a gabashin Kanada, inda Ingila da Faransa suka yi ta gwabzawa a kan wata ganuwa a ƙarni na 18.

Tushen rigimar kifi ne. A tekun da ke kewaye da tsibirin Newfoundland akwai wani kifi da Turawa ke kira kod, wanda a wancan zamani yake da yawan da ba ya misaltuwa. Masunta kan kama shi, su tsaga shi, su barbaɗa masa gishiri, su shanya shi a bakin gaɓa har ya bushe ƙayau. Shi ne abincin Kiristocin Katolika na Turai a ranakun da addininsu ya hana su cin nama, kuma mafi ƙasƙancinsa shi ake kai wa bayin Afirka da ke aikin rake a tsibiran Karibiyan. Bayan kuɗin da ake samu, sarakunan Turai na kallon wannan sana'a a matsayin makarantar horar da matuƙan jiragen ruwa, domin duk wanda ya iya da igiyar ruwan wannan teku, in yaƙi ya tashi shi ake ɗauka a jirgin yaƙi. A yarjejeniyar Utrecht ta 1713, bayan Faransa ta sha kaye a wani dogon yaƙi, ta sallama wa Ingila tsibirin Newfoundland da yankin Akadiya, amma ta riƙe abu guda: izinin masuntanta su kama kifi su kuma shanya shi a wani ɓangare na gaɓar tsibirin. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan izini a zuciyarsa, domin za mu sake haɗuwa da shi a ƙofar gidanmu.

Da yake Faransa ta rasa mazauninta a Newfoundland, sai ta kwashe mutanenta zuwa tsibirin Cape Breton da ke kusa, ta kafa gari ta sa masa sunan sarkinta, wato Louisbourg. Daga 1719 aka fara yi wa garin ganuwar dutse irin ta Turai, aka shafe sama da shekara 20 ana zuba dukiya, har ya zama ɗaya daga cikin wurare mafiya tsaro a duk nahiyar Amurka. An girka igwa a kan ganuwa, an girka a wani ɗan tsibiri da ke bakin mashigin jirage, an kuma gina wata babbar kagara a gefen tashar domin duk jirgin da ya kutso ya sha wuta ta kowane ɓangare. Sai dai maginan sun zuba ido ga teku sun bar baya. Ta ɓangaren tudu akwai 'yan tsaunuka da suka fi ganuwar tsawo, sa'an nan yashin teku mai gishiri da aka yi kwaɓi da shi, tare da damshi da ƙanƙara, sun sa ginin na rugurgujewa tun ba a harba masa komai ba. Sojojin da ke ciki ma ba su da daɗin rai, domin a watan Disamban 1744 sai da suka yi bore a kan albashi da abinci da itacen jin ɗumi.

Wannan labari ne ya kai kunnen Turawan Ingila 'yan kama-wuri-zauna da ke Boston da kewayenta, waɗanda jiragen Louisbourg suka daɗe suna addabar masuntansu. Gwamnan Massachusetts, William Shirley, ya shawo kan majalisarsa da ƙyar, aka tara mutum kusan 4,000, akasarinsu manoma da masunta da masu shaguna waɗanda ba su taɓa ganin ganuwa ba balle su san yadda ake cin ta. Wanda aka ba jagoranci ma, William Pepperrell, attajiri ne, ba soja ba. Sun tafi da manyan harsasan da suka fi ƙarfin bakin igwar da suke da ita, da nufin wai in sun ƙwace igwar Faransawa sai su harba da ita. Wannan kam cinikin biri a sama ne, amma abin mamaki sai ya zo musu daidai. Da suka sauka a watan Mayun 1745, Faransawa suka tsorata suka gudu daga babbar kagarar nan, suka toshe igwar da ke ciki cikin gaggawa, toshewar da ba ta yi kyau ba. Maƙera suka buɗe su cikin 'yan kwanaki, aka juya bakinsu zuwa garin da aka ƙera su domin karewa. Sauran igwar kuma da ƙarfin ƙirji aka ja su a kan katako cikin taɓo da daddare, har aka ɗora su a kan tuddan da ke kallon gari. A teku kuwa jiragen yaƙin Ingila a ƙarƙashin Peter Warren sun tsare hanya, suka kama babban jirgin da ke kawo wa garin albarushi da abinci. Bayan ƙawanya ta kusan mako bakwai, gwamna Duchambon ya miƙa wuya a ƙarshen watan Yuni.

Mutanen da Pepperrell ya rasa a fagen fama ba su fi kimanin 100 ba. Amma da aka ce su zauna su tsare garin da suka ci, sanyi da ƙazanta da annoba suka kashe ɗaruruwa a cikin hunturu guda, ninkin-ba-ninkin waɗanda harsashi ya kashe. To, ina sakamakon? A 1748 wakilan sarakuna suka zauna a garin Aix-la-Chapelle domin sulhu. Da ma Faransawa sun ƙwace wa Ingila garin Madras na Indiya a 1746, wanda yau ake kira Chennai. Sai aka yi musaya: a mayar wa Faransa Louisbourg, a mayar wa Ingila Madras. Mutanen Boston da suka binne 'ya'yansu a bakin wannan ganuwa sai ji suka yi an gama magana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Su kuwa 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Mi'kmaq, waɗanda a kan ƙasarsu ake wannan kai-komo, ko sunansu ba a nema a wajen zaman ba.

A daidai waɗannan shekaru ne, wajen 1750, Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa suke kafa sarautar da ta zama masarautar Gumel. Tarihi ya nuna ya rasu a 1754, kuma ba da daɗewa ba ƙasar ta shiga ƙarƙashin inuwar Barno. A wannan shekara ta 1754 ce wani matashin hafsa ɗan shekara 22, mai suna George Washington, ya yi arangama da Faransawa a dajin Ohio, arangamar da ta zama tartsatsin babban yaƙin da aka sani da Yaƙin Shekara Bakwai, daga 1756 zuwa 1763. Babu wanda ya san da wani tsakanin Mangawa da waɗannan Turawa, kuma da wani malamin duba zai ce wa Ɗan Juma rigimar masunta a bayan teku za ta raba jikokinsa da kushewar kakanninsu, da an ce ya taɓu.

A wannan karon Ingila ba ta aiko manoma ba. William Pitt, wanda ke riƙe da akalar yaƙin a Landan, ya ƙudurta cewa a bar ƙawayen Ingila su riƙe Faransa a Turai, ita kuma ta bi ta tsince mata mallakarta a ƙetare ɗaya bayan ɗaya. A watan Yunin 1758 jirage fiye da 150 suka tsaya a gaban Louisbourg ɗauke da sojoji sama da 13,000 a ƙarƙashin Janar Amherst, Admiral Boscawen kuma na jagorantar rundunar ruwa. Gwamna Drucour yana da sojojin ƙasa kimanin 3,500 da wasu jiragen yaƙi a cikin tasha. Kwanaki aka yi igiyar ruwa da hazo sun hana sauka. Ranar 8 ga Yuni da aka gwada, wutar da Faransawa suka buɗe ta sa James Wolfe, mai jagorantar kwale-kwalen gaba, ya ba da alamar a ja da baya, sai wasu 'yan kwale-kwale suka dace da wani lungu a bayan duwatsu inda harsashi ba ya kaiwa, sauran suka bi su. Daga nan aka koma aikin da aka saba: haƙa ramuka ana matsowa kaɗan-kaɗan, ana ɗora igwa a kan tuddan nan dai da suka ci amanar garin shekara 13 da suka wuce, domin Faransawa ba su magance matsalar ba.

Akwai wani abu a wannan ƙawanya da ke nuna yadda manyan Turawa suka ɗauki yaƙi. Ana cikin ruwan wuta, Amherst ya aika wa matar gwamna kyautar abarba, gwamna ya mayar da tukuici da kwalaben giya. Matar nan kuwa kullum sai ta hau ganuwa ta harba igwa uku da hannunta domin ƙarfafa gwiwar sojoji. Manya na gaisawa, talakawa na mutuwa a ƙarƙashin gini. Ranar 21 ga Yuli wuta ta kama ɗaya daga cikin jiragen Faransa, ta tsallaka ta cinye wasu biyu. Daren 25 ga wata matuƙan Ingila suka lallaɓa cikin hazo suka ƙone ɗaya daga cikin biyun da suka rage, suka ja ɗayan suka tafi da shi. Washegari, 26 ga Yuli, Drucour ya sallama. An kwashe sojoji zuwa Ingila a matsayin fursunoni, mutanen gari kuma aka loda su a jirage zuwa Faransa. Abin da kawai Drucour ya samu shi ne ya cinye wa maƙiyansa lokaci, har sanyi ya matso, dole aka ɗage harin Quebec sai baɗi. Quebec ta faɗi a watan Satumban 1759, Montreal ta bi ta a 1760. A wannan shekarar ce Pitt, wanda bai manta da musayar 1748 ba, ya sa aka tura masu haƙa suka dasa albarushi a ƙarƙashin ganuwar Louisbourg suka tarwatsa ta, don kada wani ya sake mayar da ita a kan tebur.

Yaƙin bai bar Afirka ta Yamma ba. A watan Mayun 1758 jiragen Ingila suka karɓe sansanin Faransa na Saint-Louis da ke bakin kogin Senegal, a watan Disamba kuma suka ci tsibirin Gore. Wanda ya kai wa Pitt shawarar wannan hari wani ɗan kasuwa ne mai suna Thomas Cumming, kuma abin da ya ja hankalinsa, bayan bayi, shi ne ƙaro, wanda masaƙun Turai ke buƙata wajen buga zane a jikin yadi. Wato ƙaron nan da yaran Sule Tankarkar ke ɓantara a jikin dakwara, irinsa ne ya taɓa sa aka tura jiragen yaƙi.

Da aka zo sulhu a Faris a watan Fabrairun 1763, Faransa ta bar Kanada baki ɗaya, ta karɓi tsibiran rake na Guadeloupe da Martinique, aka mayar mata da Gore, Ingila ta riƙe Saint-Louis har zuwa 1779. Amma ministan Faransa, Choiseul, ya kafe a kan abu ɗaya: ba zai saki kifi ba. Pitt, wanda a lokacin ya riga ya bar gwamnati, ya yi ta kumfar baki a majalisa cewa kada a ba su, amma aka ba su. Aka sabunta izinin 1713, aka ƙara musu da 'yan tsibirai biyu, Saint-Pierre da Miquelon, waɗanda har yau na Faransa ne. Ganuwar da aka gina don tsaron kifi ta tafi, izinin kifin ya tsira, kuma ya ci gaba da zama ƙaya a ƙafar Ingila har shekara 140. Mutanen Newfoundland ba su da sukunin gina abin da suke so a gaɓar tasu, domin Faransawa za su ce an tare musu wurin shanya. A shekarun 1880 har gardama aka yi tsakanin manyan ƙasashen biyu a kan ko wata irin ƙaguwar teku tana cikin abin da yarjejeniya ta kira kifi.

Yanzu sai mu dawo gida. A cikin waɗannan shekaru Gumel na fama da nata yaƙe-yaƙen. Ba ta shiga daular Usmaniyya ba, ta ci gaba da kai gaisuwa Barno, abin da ya sa ta zama kamar tsinke tsakanin manyan duwatsu: Kano a kudu maso yamma, Haɗeja a gabas, Damagaram a arewa. A 1845 aka taso da fada daga Tumbi, mai tazarar kimanin kilomita 30 a arewa, zuwa garin Gumel na yanzu. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya ratsa garin a 1851 ya tarar da kasuwar kanwa mai ci. Yaƙi da Haɗeja bai lafa ba sai bayan rasuwar Sarki Abdullahi a 1872, sa'an nan a ƙarshen ƙarnin hare-haren Damagaram suka yi wa ƙasar illa ƙwarai. Damagaram ɗin nan kuwa ba kanwar lasa ba ce, domin Sarki Tanimu ya kewaye Zinder da ganuwa mai kauri, ya kuma sa maƙeransa suna ƙera igwa.

Ana cikin haka Ingila da Faransa suka iso da tsohuwar gabarsu, sai dai yanzu sun koyi raba abu da alƙalami kafin a kai ga igwa. A watan Agustan 1890 suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, ba tare da ɗayansu ya san abin da ke tsakani ba. Firayim Ministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, har ba'a ya yi a majalisa cewa abin da ya bar wa Faransa ƙasa ce marar nauyi, yana nufin rairayin Sahara. Ranar 14 ga Yunin 1898 aka sake zama a Faris aka gyara layin. Aka kafa tsinken kamfas a kan birnin Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, daga nan layin ya bi digiri 14, ya sauko zuwa digiri 13 da minti 20 domin ya bar wa Faransa Zinder, ya miƙe gabas tsawon mil 250, sa'an nan ya sake hawa. Duk wanda ya ɗauki taswira ya auna zai ga cewa bisa wannan layi Birnin Ƙonni da Maraɗi da Magarya da Dungas duk a ɓangaren Ingila suke, kuma iyaka tana kusan kilomita 60 arewa da Maigatari.

Sai dai taswira ba ta nuna rijiya. Faransawa sun shiga Zinder a ƙarshen watan Yulin 1899 bayan yaƙin Tirmini, suna masu ɗaukar fansar Kyaftin Cazemajou da aka kashe a garin a 1898, suka kashe Sarki Ahmadu Kuren Daga, suka gina kagara a kan duwatsu suka sa mata sunan mamacin nasu. Ganuwar Tanimu ba ta hana komai ba, kamar yadda ta Kano ba ta hana ba ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin da igwar Kanar Morland ta fasa ƙofa cikin yini guda. Sarkin Gumel Ahmadu ya duba ya ga faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa, ya karɓi Turawan Ingila a 1903 ba tare da yaƙi ba. Haɗeja ta ƙi, kuma ranar 25 ga Afrilun 1906 Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'a masu yawa. Amma matsalar Faransawa ita ce, sun ci Zinder ba su da hanyar zuwa Zinder. Bakan nan na Sakkwato ya tura ayarinsu can arewa ta wajen Tawa, inda ake kwanaki ba a ga ruwa ba, haka kuma daga Zinder zuwa tafkin Chadi. Duk rijiyoyin kirki da garuruwan hatsi suna kudu da layi. Suka yi ta roƙon a sassauta, Ingila kuma ta ce ba a kyauta, me za ku bayar?

A nan ne aka tuno da busasshen kifi. Ranar 8 ga Afrilun 1904, a Landan, Lord Lansdowne da jakadan Faransa Paul Cambon suka sa hannu a kan jerin yarjejeniyoyin da suka kawo ƙarshen gabar ƙasashen biyu, ganin yadda Jamus ke tasowa. Babbar musayar da duniya ta sani ita ce Faransa ta sakar wa Ingila mara a Masar, Ingila ta sakar wa Faransa a Maroko. Amma akwai takarda guda da ta haɗa Newfoundland da Afirka ta Yamma a wuri ɗaya. A cikinta Faransa ta haƙura da gatan da take da shi a gaɓar Newfoundland tun 1713. Ladan da aka ba ta shi ne diyyar kuɗi ga masuntanta, da tsibiran Los da ke gaban Konakiri, da Yarbutenda a kogin Gambiya, da kuma gyaran iyaka tsakanin Kwara da tafkin Chadi yadda za ta samu hanya mai ruwa. Aka kuma amince cewa gwargwadon iko mutanen Tasawa da Maraɗi da na Zinder su faɗa ɓangaren Faransa. A watan Mayun 1906 aka ƙara tantance layin, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi shi da ƙafa suna kafa turaku, 148 daga Kwara zuwa Chadi, aka rattaba hannu a kan aikinsu a 1910. Da haka layi ya gangaro kudu ya tsaya a bayan Maigatari. Ƙonni da Maraɗi da Magarya da Dungas suka koma Faransa. Tumbi, tsohuwar fadar Gumel, yau a Jamhuriyar Nijar take.

Ba na cikin masu cewa kafin zuwan Bature duk uwa ɗaya uba ɗaya muke zaune lafiya. Wanda ya faɗi haka bai tambayi tsofaffin Gumel abin da kakanninsu suka gani a hannun mayaƙan Damagaram ba. A wannan yanki, layin Tilho da O'Shee ya bi sawun wata gaba da ta riga shi, kuma gaskiya ne cewa harin bayi ya tsaya bayan an kafa shi. Amma iyakar da kakanninmu suka sani daji ne tsakanin sarki da sarki, wanda falke ke ratsawa ya biya kuɗin hanya ya wuce, makiyayi kuma ya bi damina arewa ya bi rani kudu. Ba ta taɓa zama ƙofar da mutum guda zai kulle daga nisan kilomita ɗaruruwa ba. Abin da sabuwar iyaka ta kawo shi ne kuɗi biyu, da boko biyu, da doka biyu a kan jama'a ɗaya. Talakawa kuma ba su yi wata-wata ba suka mayar da ita abin amfani: lokacin da aikin tilas da harajin Faransawa suka yi tsanani, ƙauyuka da dama sun tsallako kudu, kuma da jirgin ƙasa ya ratsa Gagarawa zuwa Nguru wajen 1930, gyaɗa da fatu na bin inda farashi ya fi, ko da wane tuta ke kaɗawa a wurin. Ita kanta kasuwar Maigatari iyakar ce ta yi mata ƙiba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka gaji halin masu teburin tare da layin nasu. A 1748 an mayar da Louisbourg ba a tambayi waɗanda suka ci ta ba, a 1904 an sayar da Magarya da Dungas ba a tambayi Sarkin Gumel ko na Damagaram ba, a 2019 da 2023 kuma daga Abuja aka ba da umarni, mutanen ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel suka ji a rediyo kamar kowa. Tun zamanin gwamnatin Saminu Turaki aka keɓe wa Maigatari yankin ciniki marar haraji, amma wane mai jari ne zai zuba dukiyarsa a bakin ƙofar da ba a san ranar da za a sake kulle ta ba? Idan har tsaro ko siyasa sun wajabta rufewa, ai akwai sarakuna da shugabannin kasuwa da na makiyaya a ɓangarorin biyu da suka san kowace burtali, waɗanda za su iya faɗin yadda za a tare ɓarawo ba tare da an kashe mai kaya ba. Yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, yarjejeniyar da za ta kare zirga-zirgar waɗannan mutane sai wadda Abuja da Yamai suka ƙulla da kansu, kuma ya kamata wakilan yankin a majalisun Dutse da Abuja su nemi a sa bakinsu a ciki tun kafin a buga hatimi.

Su dai masu rigimar asali sun daɗe da wucewa wurin. Tun 1994 jirgin ƙasa ke ratsa ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa. Sojojin Faransa na ƙarshe sun bar Nijar a watan Disamban 2023, kuma a 2025 hukumomin Yamai suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Kifin da aka yi duk wannan domin sa ma ya ƙare: manyan jiragen kamun kifi sun yashe tekun, har a 1992 gwamnatin Kanada ta haramta kama shi a gabashin Newfoundland, mutum kusan 30,000 suka rasa sana'a, kuma sai a 2024 aka sake ba da izini kaɗan. Louisbourg kuwa ta shekara 200 tana kango, tumaki na kiwo a kan ɓaraguzanta, sai a 1961 gwamnatin Kanada ta ɗauki ma'aikatan haƙar kwal da suka rasa aiki ta koya musu gini irin na da, suka sake tayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na garin yadda yake a 1744. Yau masu yawon buɗe ido ne ke zuwa da rani. A bakin ƙofa akwai samari sanye da kayan sojan Faransa na wancan zamani, riƙe da bindigar toka, su tare baƙo su tambaye shi daga ina yake, me kuma ya kawo shi. Sai ya amsa, a yi dariya, a buɗe masa ya wuce.